Yadda muka haɗa diramar kiɗan hawus a Shikago

Bari in fara cire wa mutane wani zato, don duk wanda na ce wa ina dirama a Amurka sai ya ɗauka Holiwud nake shiga ina fita. Ina! Namu wasan na unguwa ne, ba a biyan kowa sai ɗan kuɗin mai in an samu rara, kowa da aikinsa da rana, akwai nas a cikinmu, akwai malamar firamare, akwai tsohon direban bas da ya yi ritaya, ni kuma haya nake yi da mota. A Shikago irin waɗannan ƙananan gidajen wasa ba sa ƙirguwa, shago ake kamawa a shafe bango da baƙin fenti a jera kujeru hamsin ko sittin, shi kenan an samu dandali. Masu katin ƙungiyar Equity su ne ƙwararrun da ake biya albashi, mu ba ma cikinsu.

Sai abu na biyu, gara in faɗa tun yanzu kada mutum ya karanta rabi ya ce an yaudare shi. Ni mai harka ne, wato maza nake so, kuma na san haka tun gemu bai fito min ba. Ban zo gardamar addini da kowa ba, duk abin da za ka faɗa min na ji shi a gida na ji a makaranta na ji a lasifika, kuma har gobe ina sallata. Labarin yadda muka yi wasan kawai zan bayar.

Kiɗan hawus a mota na fara saninsa da gaske. Wata Asabar a watan Yuli na ɗauki wasu mata manya da kula da kujerun naɗewa zuwa Jackson Park, inda ake taron kiɗan hawus na Chosen Few duk shekara tun 1990, na sauke su na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin taya. Bugu huɗu ne a jere, dum dum dum dum, ba ya gaba ba ya baya, kamar mata sun haɗu suna lugude a turmi ɗaya, sai a ɗora masa murya irin ta mawaƙan coci a sama. Abin da ya ɗaure min kai shi ne masu rawar, yawanci baƙaƙe ne masu furfura, kakanni da jikoki, ana gashi ana rawa da rana tsaka. Ni da na ɗauka kiɗan Turawan Turai ne na 'yan ƙwaya. Daga ranar ba abin da nake sawa a mota sai shi in ba fasinja.

To a allon sanarwa na laburaren unguwarmu na ga takardar. Wata ƙaramar ƙungiya na neman 'yan wasa, ba sai ka taɓa yi ba, za a haɗa wasa kan Warehouse, kulob ɗin da kiɗan hawus ya samo sunansa, da mutanen da suka yi rawa a cikinsa, kuma an rubuta ƙarara cewa an fi son baƙaƙe da masu neman jinsinsu su zo tunda labarinsu ne. Na ɗauki hoton takardar a waya, ina ta kallonta in rufe, sai ana gobe za a rufe karɓa na tura saƙo.

Odishin ɗin ba wani abin tsoro ba ne a takarda. Ka zo da magana ta minti ɗaya ko biyu da ka haddace, ka tsaya gaban mutum uku a bayan tebur ka yi. Ni dirama ba baƙuwata ba ce, tun tashe da azumi nake tsoho da gemu da auduga a haɓa, a sakandare kuma kullum ni ne alƙali ko maigari saboda an ce ina da natsuwa. Na yi maganata lafiya. Sai daraktar, wata baƙar mace doguwa mai askin kwal-kwabo, ta kunna sifika ta ce to ɗan'uwa yanzu yi rawa. Wallahi na tsaya kamar an dasa ni, ƙafa na ɗan motsi amma daga ƙugu zuwa sama a kulle. Ta yi rubutu ba ta ce komai ba. Na fita na ce shi kenan an gama da ni, sai ga kira wai in dawo zagaye na biyu, daga baya take gaya min wannan tsayuwar ce ta sa ta ɗauke ni don tana so ta ga abin da na ɗaure.

Ba a ba mu sikirif ba saboda babu shi. Tsarin shi ne mu je mu yi hira da dattawan da suka ga zamanin da idonsu, a naɗa da izininsu a rubuce, a dawo a saurara tare a tsamo abin da zai hau siteji, a canza sunaye. Kafin nan sai da aka zaunar da mu aka yi mana karatun tarihi, kuma gaskiya ya kamata in ɗan ba ku don in ba haka ba sauran ba zai shiga ba.

Warehouse wani tsohon ginin masana'anta ne mai hawa uku a lamba 206 titin South Jefferson. Robert Williams ne ya buɗe shi a 1977, ya ɗauko wani matashin dije daga Bronx a Niyok, Frankie Knuckles, abokin Larry Levan dijen kulob ɗin Paradise Garage. Wurin na 'yan kati ne, ba kowa ke shiga ba, yawancinsu samari baƙaƙe da 'yan Latino masu neman maza, ba a sayar da giya sai ruwa da lemo da kayan marmari, shi ya sa ba dokar tashi, a fara tsakar daren Asabar a kai har hantsin Lahadi. Jihar Illinois ita ta fara soke dokar hukunta luwaɗi a duk Amurka tun 1962, amma doka daban zaman mutane daban, kulob ɗin fararen 'yan harka a arewacin gari sai su tambayi baƙi katin shaida biyu uku a ƙofa don dai su kore su, a gida kuma ga uba ga fasto. Sai ga 12 ga Yuli 1979, wani mai shirin rediyo Steve Dahl ya tara jama'a a filin wasan baseball na Comiskey Park ranar da za a buga wasa biyu a jere, duk wanda ya zo da faifan disko ya shiga da santi 98, aka tara fayafayan aka tarwatsa su da nakiya a tsakiyar fili, matasa suka ɓarke har aka fasa wasa na biyu. Vince Lawrence, wani yaro baƙi da ke aikin nuna wa mutane kujera a filin ran nan, ya sha faɗa cewa da yawa abin da aka kawo ba ma disko ba ne, fayafayan baƙaƙen mawaƙa ne kawai. Shi ɗin ne daga baya ya sa hannu tare da Jesse Saunders a faifan 1984 da ake ƙirgawa na farko a hawus. Da kamfanoni suka janye daga disko sai Frankie ya koma yanka tsofaffin waƙoƙi a tef yana tsawaita inda rawa ta fi daɗi, daga baya aka shigo da injin ganga irin su Roland 909, masu shagon faifai suka fara liƙa sunan Warehouse a kan irin abin da yake sawa har aka gajarta ya koma house, wato hawus, ya zama sunan kiɗan.

Ni aka haɗa da wani dattijo a South Side, wato kudancin Shikago, tsohon ma'aikacin gidan waya, Baba nake ce masa shi kuma ya ce min ɗana. Na je da tambayoyi a takarda irin na ɗan makaranta, ya karɓa ya ajiye a kan firji ya ce zauna tukunna. Ya fito da katinsa na shiga Warehouse daga cikin wani tsohon Baibul, gefen duk ya cinye. Ya ce babansa dikon ne a coci, ranar da aka gane shi a leda aka zuba masa kaya aka ajiye a baranda, yana ɗan shekara sha tara. Ya ce in ya fito daga rawa da safiyar Lahadi jiƙe da gumi, a jirgi yake haɗuwa da matan cocinsu da manyan huluna za su ibada, kowa ya kau da kai, alhali waƙar da aka rufe da ita a can da wadda za su rera yanzu murya ɗaya ce. An ruwaito Frankie da kansa yana kwatanta wurin da coci na waɗanda aka ce sun faɗi daga rahama, Baba ya ce shi bai san wannan ba a lokacin, shi dai ya san nan ne kaɗai in ya ɗaga hannu sama ba wanda zai kalle shi.

Sai ya ɗauko wani hoto, samari tara a bakin tafki da gajerun wanduna da tulin suma. Ya riƙa sa yatsa yana faɗin shekarar da kowa ya rasu, wannan 86, wannan 88, wannan 88, wannan 91. Ƙanjamau. Su biyu suka rage. Ya ce wasu ko a jana'izarsu ba a bari abokai sun shiga ba, iyaye su ce kansa ce ta kashe shi. Na kashe rikoda, ya ce kunna, ai don a ji na kira ka. Da zan tafi ya raka ni ƙofa yana min faɗa wai kada mu kuskura mu yi wasa kan Frankie kaɗai mu manta Ron Hardy dijen kulob ɗin Music Box, wanda Robert Williams ya ɗauko bayan Frankie ya tafi a 1982, shi a wurinsa Frankie malami ne mai tsari amma Ron mahaukaci ne, kuma mahaukacin ya fi so.

Muka dawo da hirarraki tuli guda, muka baje a ƙasa, aka yi ta yanka ana faɗa. Nan ne na ga aikin ƙungiya yana da cin rai, kowa na ganin dattijonsa ne ya kamata ya fi yawan magana. An ba ni rawar yaron da ke ɗaukar akwatin fayafai yana taya dije yankan tef, saboda harshena ba na ɗan South Side ba ne kuma ba wanda zai yarda in na ce a can aka haife ni, wannan yaron kuwa ba ya yawan magana. Wani tsohon injiniyan sauti ya ara mana injin tef na gaske mai faranti biyu ya koya min. Ka juya farantin da hannu a hankali har ka ji inda gangar ta faɗo, wuuup, ka sa alama da farin fensir mai maiƙo, ka kwantar da tef ɗin a kan wani ɗan ƙarfe mai tsaga, ka ja reza a karkace, ka haɗa baki da baki ka liƙe. In ka kauce da faɗin ƙwayar shinkafa rawa ta yi tuntuɓe kowa ya ji. Na yanke yatsa har na daina ƙirgawa, amma wannan sashen ban sha wuya ba, aikin hannu ne mai ƙa'ida kuma kai a sunkuye.

Wuyar tana wurin rawa. Akwai fitowar da dukkanmu muke zama jama'ar fili, kuma rawar da ake ce wa jacking da Turanci daga ƙirji take tasowa, ka saki gadon baya ya riƙa kaɗawa gaba da baya da bugun. Daraktar ta tsayar da kiɗa ta ce ɗan'uwa, me hannuwanka suka yi maka? Na duba, ashe a dunƙule suke a jikin cinya. Ban taɓa lura ba. Ina firamare in na yi magana hannuna yakan tafi da kansa, in karya wuyan hannu, in tafa, in riƙe ƙugu, wani kawuna in ya gani sai ya ɗana min carbi a bayan hannu ya ce kai ɗan daudu za ka zama mana a gidan nan? Ni kuwa ina ganin 'yan daudu a bakin tasha suna tuyar kaji da waina suna habaici ana dariya, ana sayen abincinsu ana zaginsu a lokaci guda, na san ba na so a yi min wannan dariyar. Sai na koya wa kaina tafiya ba rangwaɗa, murya a ƙasa, hannu a aljihu. Natsuwar da ake yabona da ita har ake ba ni alƙali a dirama, asalinta kenan.

Ba ta yi min wa'azi ba, Allah ya saka mata, motsa jiki ta ba ni. Kullum kafin rihasal in tsaya ina fuskantar bango, a kunna kiɗa, ƙafa ba motsi, hannu kaɗai zai yi rawa. Farko ji nake kamar an tuɓe ni a kasuwa, har zufa ke keto min a ɗakin da hita ba ta aiki sosai ga sanyin Shikago. Wata rana tsohon direban nan ya zo ya tsaya kusa da ni shi ma ya fuskanci bango, namiji mai mata da jikoki, ya riƙa watsa hannu kamar mai korar kaji yana cewa haka muke yi a 81 yaro, ba wanda ya mutu. Dariya ta kama ni, kuma a cikin dariyar ne abin ya fara sakuwa. Ba wai rana ɗaya na warke ba, har yau in na ji Hausa a bayana a kanti hannun komawa aljihu yake da kansa.

Daga nan sai aikin da kowane ɗan wasa ya sani, a tsara inda kowa zai tsaya a liƙa tef mai kala a ƙasa, a sa ranar ajiye takarda wadda daga ita ba mai riƙe sikirif, in ka manta ka ce layi a jefo maka. Makon fitila da sauti shi ne mafi gajiya, ka tsaya wuri ɗaya ana gwada haske a fuskarka har ƙarfe sha ɗaya na dare, ga shi fatarmu baƙa sai an canza launin fitilun da aka saba sa wa farare in ba haka ba ka fito toka-toka. Na yi asarar kuɗin haya sosai a makon nan don lokacin da ake samun fasinja ne.

Abin da ya hana ni barci kuwa wata takarda ce mai layi biyu. Wane suna za a sa maka a takardar shiri, kuma ka yarda a sa hotonka a Facebook da Instagram? Sauran suka cike a tsaye. Ni na san direbobinmu na nan suna da guruf a WhatsApp, hoto ɗaya in ya shiga kafin asuba ya isa Kano. Ina da ƙanwa da ake maganar aurenta, ina da Umma da ke zuwa islamiyya da matan unguwa, kuma ina so in riƙa zuwa gida, gidan da tun Janairun 2014 akwai dokar tarayya mai ɗaurin shekara 14 ban da ta shari'a da ke jiharmu tun 2000. Wani yaro a cikinmu, ɗan ashirin da wani abu, ya ce min ɓuya ai cin amanar wasan ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi in ya fito fili abin da zai rasa daban, ni ba ni kaɗai zan biya ba. Na kira Baba na gaya masa, ya ce ɗana, rabin mutanen da ke hoton nan ban san sunansu na gaskiya ba sai a takardar jana'iza, ka sa abin da za ka iya ɗauka. Na sa sunan da kakata ke kirana da shi, hoto kuma na ce a ɗauke ni ta baya. Har yanzu ina ganin daidai na yi, kuma wanda bai da uwa a Kano kada ya koya min jarumta.

Umma ta kira ana saura kwana kaɗan, ta ce ta ji muryata a dishe. Na ce dirama muke yi Umma. Ta ce au har yanzu ba ka bar shirmen nan ba, to wane ne kai a ciki? Na ce yaron mai kiɗa. Ta ce Allah ya shirya, ka dai riƙa cin abinci.

Ranar buɗewa kujerun gaba duk dattawan ne, wasu da sanda wasu da keken guragu, an yi ado kamar za a biki. Akwai inda kowannenmu ke fitowa daga rawarsa ya yi maganar kansa minti ɗaya, ni na yi rabin tawa da Hausa ba fassara, na ba da labarin carbin nan hannuwana a sama. Da muka zo fitowar ƙarshe dijenmu ya saki bugun, ba a gayyaci kowa ba dattawan suka miƙe suka shigo fili, manajan siteji tana ta ɗaga hannu wai ba a tsara haka ba, wa zai saurare ta. Bayan an tashi wata mata mai gyale ta tare ni a ƙofa, ashe 'yar zangon Kumasi ce, ɗanta ne ya kawo ta, ta dube ni sosai ta ce sannu da aiki ɗana, Allah ya huta gajiya. Gabana ya faɗi, na ce yauwa Hajiya na gode, ta wuce abinta. Ban san me ta tafi da shi a ranta ba kuma ban bi ta na tambaya ba.

Da aka gama kwanakin wasa mu da kanmu muka kwance komai a dare ɗaya, aka zare ƙusa aka ɓanɓare tef ɗin ƙasa aka sake fente bango don masu haya na gaba. Kuɗin tikiti ya biya haya da fitila, abin da ya rage aka raba, nawa ko tanki ɗaya bai cika ba. Ni aka ba mayar da injin tef wurin mai shi tunda ni ke da mota, Baba ya ce in sauke shi a hanya, tsohon direban ma ya shigo baya. Na bi da su ta Jefferson don su ga ginin, wanda birni ya sa cikin wuraren tarihi a 2023 bayan mutane sun yi ta sa hannu kada a rushe, ga allon Frankie Knuckles Way da aka kafa tun 2004, shekara goma kafin rasuwarsa. Na ɗauka za su yi shiru, ina, ko kallon kirki ba su yi masa ba suka kaure da musu, direba na cewa Frankie, Baba na dukan kujerata yana cewa Ron Hardy, kuma wai mun rage wa Ron fitowa ɗaya a wasan, sai mun gyara in za a sake da bazara in ba haka ba a ba shi katinsa da hotonsa.